Lambar Binta: Daga Luggere Zuwa Kano da Baƙar Takarda

Laraba: Jimeta zuwa Numan

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka fito daga gida a unguwar Luggere da ke Jimeta, mu uku: ni, da Adda Hajara matar marigayi wana, da 'yarta Binta mai shekara biyar. Muka yi sallah a tashar Jambutu, muka shiga ƙaramar bas mai zuwa Kano. Kujera uku na biya, kowace naira dubu ashirin da biyar, don Binta ta samu wurin miƙewa. Motar ta tashi ƙarfe shida da minti goma.

Ga dalilin tafiyar. Ranar Asabar wasu ma'aikatan lafiya suka zo ƙaramin asibitin da ke kusa da mu a unguwar Ajiya da wata na'ura mai kama da murfin kwalba. Ana ɗora ta a ƙirjin yaro, ta aika bugun zuciyarsa cikin waya, wayar kuma ta yanke hukunci da abin da suka kira ƙirƙirarriyar basira. Sun ce ta saurari zukatan yara masu yawa har ta koyi bambance mai lafiya da marar lafiya. Ban karanci fannin ba, noma na karanta, saboda haka ba zan ce na fahimci yadda take yi ba. Abin da na gani shi ne, yara goma sha wani abu aka gwada kafin Binta, duk kore ya fito. Ita aka ɗora mata, ko minti ɗaya ba a yi ba fuskar wayar ta yi ja.

Aka ba mu 'yar siririyar takarda irin wadda masu cirar kuɗi a bakin titi ke bayarwa, da doguwar lamba a jikinta. Aka ce mu kai ta wani asibiti a Kano ranar Alhamis, domin ranar ake rufe jerin yaran da wasu likitocin fiɗa baƙi za su yi wa aiki a ƙarshen wata. Wanda bai shiga ba sai zuwansu na gaba.

Sai kuma abin da na aikata, wanda har muka shiga motar nan Adda ba ta sani ba. Mu da muka gudo daga Mubi lokacin tashin hankali mun san abin da ruwa ke yi wa takarda. Nawa takardun makarantar a daji suka jiƙe suka narke, na yi kusan shekara biyu ina neman madadinsu. Tun daga nan duk takardar da ta shigo gidanmu, ko katin rigakafi ne, sai an kai ta shagon kwamfuta an manne ta cikin leda da injin zafi. Ranar Talata da la'asar na kai takardar Binta. Na so a fara yi mini kwafi, mai shagon ya ce ta nannaɗe, a fara sa mata leda ta miƙe. Ta shiga injin fara, ta fito baƙa wuluk. Ashe irin wannan takarda da zafi ake rubutu a kanta, in ta ji zafi gaba ɗayanta take zama tawada.

Laifina ne, ban musa ba. Ban san abin da ya hana ni ɗaukarta hoto da waya ba. Amma ina da tambaya. Wane irin mutum ne zai kawo na'urar da ke jin ciwon zuciya cikin minti ɗaya, sannan ya rubuta sakamakon a takardar da ranar Yola kaɗai ta isa ta goge? Na koma asibitin Ajiya a guje, nas ta ce baƙin ba su bar rajista ba, komai yana cikin na'urarsu. Na kira lambar wayar da ke jikin ƙyallen da suka rataye sau tara, a kashe.

Mun shiga Numan ƙarfe bakwai da minti ashirin da biyar, kimanin kilomita sittin. Binta ta tashi ta leƙa kogi daga kan gada, ta ce mini, "Bappa, wannan ne Kano?" Na ce saura kaɗan. Wannan ce ƙarya ta biyu da nake ɗauke da ita.

Shingen da ke kafin Cham

Daga Numan hanya ta lalace. Direbanmu, Malam Buba, dattijo ne mai yawan magana, yana kauce wa rami yana ba kowane rami labarinsa. Shinge huɗu muka wuce ba a tsayar da mu sosai ba. A na biyar, wajen ƙarfe tara, soja ya buga jikin mota ya ce kowa ya sauka ya taka zuwa gaba.

Binta ba ta taka nisa. In ta yi taku ashirin sai ta tsuguna, leɓɓanta su yi duhu. Adda ta leƙa ta taga.

"Ofisa, yarinyar ba ta iya tafiya, ciwon zuciya ne. Usmanu, nuna masa takardar."

Na ce ai ba sai an nuna ba. Ta ce, "Nuna masa mana, ba don irin wannan ka sa mata leda ba?"

Na buɗe jaka na miƙa. Sojan ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya ɗaga ta sama.

"Oga, wannan allo ne ko takarda?"

Ya sunkuya ya dubi Binta, ya daɗe yana kallon bakinta, sannan ya mayar mini da takardar. "Ku zauna. Bakin nan ya ishe ni takarda."

Sauran fasinjoji suka sauka, aka bar mu uku. Adda ta karɓi ledar ta riƙe da hannu biyu.

"Tun yaushe?"

"Jiya da la'asar."

"Kuma ka zo ka ci tuwona, har ka nemi ƙari."

Na ce na yi tunanin wataƙila a can za su iya nemo ta da suna, shi ya sa ban so in tayar mata da hankali ba.

"Wataƙila," in ji ta. "Mai digiri. Ni da ban yi boko ba, kwana uku takardar nan tana ɗaure a gefen zanena ba ta ce uffan ba. Awa ɗaya ta yi a hannunka."

Tsakanina da Adda akwai wasa irin na ƙanin miji da matar wa, ta saba kirana mai digiri. Wannan karon ba da wasa ta faɗa ba. Da Malam Buba ya ji abin da ya faru, ya dubo mu ta madubi ya ce da Hausarsa ta mutanen Yola, "Adda, kar ka damu, yarinyan zai warke. Kwamfuta ba ya mantuwa." Na so in yarda da shi.

Gombe zuwa Kano

Mun ratsa Kaltungo da Billiri da Kumo, muka isa Gombe ƙarfe goma sha biyu da kwata. Malam Buba ya ce kilomita ɗari biyu da sittin muka ci, ban auna ba, amma bayana ya yarda. Na sayo shinkafa da wake faranti biyu, dubu ɗaya da ɗari biyar kowanne. Adda ta ba Binta, ita ba ta ci ba. Na sake kiran lambar nan sau biyu.

Ƙarfe ɗaya muka tashi ta hanyar Dukku. Tsakanin Dukku da Darazo zafi ya cika motar, Binta ta fara haki. Adda ta jiƙa gyale tana shafa mata, ni kuma ina fifita da baƙar takardar, wadda a nan ne kawai ta yi mana amfani a duk tafiyar. A zuciyata ina ta lissafi: minti ɗaya aka ɗauka kafin a gano ciwon, awa goma sha uku za mu yi a mota kafin mu kai wurin wanda zai iya taɓa shi. Ban ce kada a kawo na'ura ba. Amma wanda ya faɗa wa uwa cewa zuciyar 'yarta ta yi ja, ya kamata ya san irin hanyar da ya ɗora ta a kai.

Mun yi la'asar a Darazo, muka wuce Birnin Kudu ƙarfe biyar da kwata, muka sauka a tashar Unguwa Uku bayan magariba, ƙarfe bakwai da minti goma. Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata mai sayar da yadi, ya zo ya ɗauke mu zuwa gidansa a Naibawa. Da ya ga takardar sai da ya sa tabarau. "Ɗana, ko ni da nake sa wa rasiɗin haya leda ban taɓa ganin wannan ba." Matarsa ta kawo tuwon shinkafa miyar kuka. Ban nemi ƙari ba.

Alhamis da safe: bakin taga

Ƙarfe shida da rabi muna asibitin. Ba zan faɗi sunansa ba, domin ba na jin laifin nasu ne su kaɗai. Sashen zuciyar yara dogon baranda ne mai benci biyu da taga ɗaya. A bayan tagar wani akawu ne da kwamfuta da lasifika.

"Lamba," ya ce, bai ɗago ba.

Na yi masa bayani tun daga Ajiya. Ya karɓi takardar ya nuna wa abokin aikinsa, suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Malam, kai ne na uku a watan nan. Wata ma guga ta yi wa tata."

Na ce to tunda abin yana faruwa, ai akwai yadda ake yi. Ga sunanta, Binta Bello, ga shekarunta, ga garin da aka gwada ta.

"Suna ba ya zuwa nan. Lamba kawai ke zuwa, don a kare sirrin marar lafiya. Na'ura ce ke jera layi, wanda ya fi tsanani a gaba. Ni kira kawai nake yi."

Mai yiwuwa kare sirri abu ne mai kyau, na yarda. Sai dai sirrin Binta an kare shi har daga uwarta. Na roƙe shi ya duba ko akwai lambar da ta fito daga Jimeta. Ya juyo mini da fuskar kwamfutar: lambobi ne kawai a jere, kowace da ɗigon ja ko ruwan ɗorawa. Na ce a bar ni in ga likita. Ya ce likita ba ta ganin wanda ba shi a layi. Na ce to a sake gwajin. Ya ce akwai irin na'urar a wajen Sista, babbar nas ta sashen, amma tana zagayen ɗakunan kwanciya.

Muka zauna. Ƙarfe takwas aka fara kira, lambobi huɗu na ƙarshe yake faɗa. Na farko suka shiga, na biyu suka shiga. Sai ya kira, "Huɗu, sifili, bakwai, ɗaya." Ba wanda ya tashi. Ya sake kira ƙarfe goma, ya sake ƙarfe goma sha ɗaya da rabi. Wata mata a gefenmu ta ce Allah ya shirya wasu iyayen. Ni ma, da haushin da ke cina, na ce da ƙarfi, "Mutum ya samu lamba ta uku ya yi zamansa a gida, mu da muka wuni a hanya muna nan." Mutane suka gyaɗa kai.

Sista ta fito goma sha biyu saura kwata, doguwar mace mai furfura a gefen hula. Ta saurare ni rabi, ta dubi Binta da ke tsugune a ƙasa, ta ce, "Ɗauko ta." Ta ciro na'urar daga aljihun tebur. Wayarta ba caji, sai da aka jona ta. Da ta kawo wuta, ba data.

"Tun watan jiya ta ƙare," in ji Sista. "Na rubuta, na sake rubutawa. Kana da data, ɗana?"

Na jona mata daga wayata. Ta ɗora murfin a ƙirjin Binta, ta ce, "Yi shiru, 'yar Fulani, a ji gangarki." Ja ya fito, da sabuwar lamba. Na dubi agogo: goma sha biyu da minti ashirin. Kafin takardar ta gama fitowa na ɗauke ta hoto, na rubuta lambar a littafina, na rubuta a tafin hannuna.

Alhamis da yamma: ɗakin likita

Ƙarfe huɗu saura ashirin aka kira mu, mu ne na ƙarshe. Likitar ba ta wuce shekara arba'in ba, muryarta ta dushe don magana. Ta kwantar da Binta, ta shafa mata mai a ƙirji, ta ɗora abin hoto. Zuciyar ta fito a allo tana motsi, kwamfutar da kanta tana zana layuka tana auna faɗin kowane ɗaki. Likitar ta gyara layi ɗaya da hannu, sauran ta bar su. Ta ce akwai huda tsakanin ɗakuna biyu, kuma hanyar da jini ke bi zuwa huhu ta tsuke. Da shi aka haife ta.

"Maman Binta, tun yaushe kika lura?"

"Tun tana rarrafe, likita. Shekara huɗu ina faɗa. Mai kemis ya ce zazzaɓin cizon sauro ne. Wani ya ce shawara. Wani ya ce shagwaɓa ce, don ba ta da uba. Wayar nan ce ta fara yarda da ni."

Na rubuta wannan kamar yadda ta faɗa, domin kada a ce na rufe ido ga alherin abin.

Likitar ta koma kan kwamfutarta. Sannan ta ce, "Ranar Asabar aka fara gwada ta? A Jimeta?" Muka ce e. Ta ce na'urar ta haɗa gwajin yau da wani na ranar Asabar, ta ce mai yiwuwa yaro ɗaya ne: shekaru ɗaya, nauyi ɗaya, bugu iri ɗaya. Ta karanto lambar. Ƙarshenta huɗu, sifili, bakwai, ɗaya.

Binta ce ta uku. Sau uku aka kira ta tana tsugune taku goma daga tagar. Ƙarfe goma sha biyu daidai kwamfuta ta rubuta cewa ba ta zo ba, ta ba na bayanta gurbin, ta aika jerin ga likitocin fiɗa.

Adda ta juyo ta dube ni. Na san ta tuna abin da na faɗa a baranda.

Na miƙe tsaye, abin da ban saba yi a gaban manya ba. Na ce na'urar da ta iya gane bugun zuciyar yarinya a cikin na dubbai, ta kasa gane cewa yarinyar na bakin ƙofa? Na ce minti ashirin ne, kuma a cikin minti ashirin ɗin nan caji da data muke nema, ba mu muka bar su suka ƙare ba. Na ce a buɗe jerin.

"Zauna, Malam," in ji likitar. "Ba ni da makullinsa. Masu makullin ba sa garin nan, wataƙila ma ba sa ƙasar. Na faɗa musu su daina rufewa da agogo, na faɗa musu takardar nan tana gogewa. Sun ce za su duba." Ta cire tabarau. "Abin da zan iya shi ne in kira shugaban masu fiɗar in ce a cire yaron da ya hau gurbinta. Ɗan wata goma sha ɗaya ne. Shi ma ja ne. Uwarsa ta riga ta tafi gida da labari. In kira?"

Ni dai na buɗe baki, kuma ba zan rantse a kan abin da zan faɗa ba. Adda ta riga ni.

"A'a, likita. Bar shi."

Likitar ta ɗauki biro ta rubuta sunan Binta, cikakken suna, a saman wata takarda ta gaske: ita ce ta farko a masu jiran gurbi. In wani ya fasa kafin ƙarshen wata za a kira mu, mu taso ko da wane lokaci ne. In ba a kira ba, sai bayan wata huɗu. Ta rubuta magani, ta nuna wa Adda yadda za ta naɗe gwiwoyin Binta zuwa ƙirjinta in leɓɓan suka yi duhu sosai. Na tambaye ta ko wata huɗu ba zai yi yawa ba. Ta ce, "Ina sa ran za ta kai."

Juma'a: komawa gida

Ƙarfe shida na safe muka tashi daga Unguwa Uku, a wata motar. Kawu Sale ya cusa wa Binta yadi biyu a jaka, ya ce na sallah ne. Mun yi Juma'a a Gombe, muka ƙetare gadar Numan ƙarfe biyar da rabi, muka shiga Luggere ana kiran magariba. Har yau da nake wannan rubutu, kwana goma sha ɗaya, wayata ba ta yi nisa da caji ba, kuma ba a kira ba.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Kawu Sale da iyalinsa, da Malam Buba, da sojan da ya dubi yarinya maimakon takarda, da Sista, da likitar da ta faɗa mana gaskiya ba ta rage ba. Waɗanda suka tsara takardar da agogon, ban san sunayensu ba, kamar yadda ba su san na Binta ba. In wannan ya kai gare su, ina so su sani na ga amfanin aikinsu da idona, kuma ban yafe musu minti ashirin ɗin nan ba tukuna.

Da muka shiga gida, mahaifiyata, kakar Binta, tana zaune a kan tabarma da carbi. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"An sa ta a jerin masu aikin?"

Na durƙusa zan fara daga ranar Talata. Adda ta sauke Binta daga bayanta ta ce, "Layi ne ya yi yawa, Dada. Sun ce mu jira kira." Ta wuce ɗaki ta ɗebo wa yarinyar ruwa.

Iyakar abin da Adda ta faɗa wa mahaifiyata ke nan, har yau. Sauran ni na ƙara, ga shi na rubuta.